Kunnen Aiki

A duk Saint-Fons, duk wanda ya san Malam Saley ya san labarin kunnuwansa. Ba sai ka tambaya ba. Ka zauna kusa da shi bayan sallar Juma'a, ko a bencin da ke bakin kantin Balarabe, kafin shayi ya huce za ka ji shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a izin, masana'antar haɗa magungunan nan da ke bakin kogi, a ɗakin kompresa inda injina goma sha biyu ke ruri ba hutu, ya kuma fito da kunnuwansa biyu ras. 'Yan Fotigal sun zo sun tafi, Larabawa sun zo sun tafi. Wani Bature ƙato, kafaɗa kamar ƙofa, wata huɗu ya yi ya roƙi a sauya masa wuri. Saley ɗan Tasawa, wanda bai taɓa zama a bencin lekol, wato makarantar boko, ba ko na yini guda, shi ya rage.

Kuma mutum ne da ya cancanci ya faɗa. Ba ya karanta takarda, amma yana karanta inji. In ya ratsa ɗakin nan da safe, hannuwa a baya, kafin ya kai ƙarshe ya san wanne ne ke neman mai, wanne ne zai kwanta kafin sati. Wata shekara ya ce a kashe lamba bakwai, injiniya ya duba allurorinsa na awon inji ya ce lafiyarsa lau. Saley ya ce a kashe. Da aka buɗe sai ga ƙarfen ciki ya tsage saura ƙiris. Tun daga ranar shef, babban mai kula da ma'aikata, ke miƙa masa hannu tun daga nesa.

Sirrin abin, in ji shi, dabara ce da ya gada wurin tsofaffin ɗakin. Ba a toshe kunne biyu. Wanda ya toshe biyu makaho ne a wurin inji. Ka cusa auduga a na hagu, shi ne kunnen gida, na jin maganar iyali da kiran salla. Na dama ka bar shi buɗe, shi ne kunnen aiki. Da izin ta raba wa ma'aikata kaske, wato abin nan mai kofi biyu da ake kifawa a kan kunnuwa, Saley ya karɓi nasa ya yi godiya, ya kai shi gida ya ɗora a saman armuwar, kabad ɗin tufafinsu, cikin ledarsa. Yana can har yau. Yakan nuna wa baƙi.

Abin da ba ya nuna wa baƙi shi ne dalilin da ya sa kullum yake zama a ƙarshen benci, kafaɗarsa ta dama a jikin bango. Yakan ce bayansa ne ke son jingina. Waya kuwa ya ce shi ba ya magana da mutumin da bai ga fuskarsa ba, sai dai matarsa Fatsima ta ɗauka ta faɗa masa. Ita kaɗai ya taɓa gaya wa akwai wani gyare da ya shiga kunnensa na dama tun shekarar da aka haifi autarsu, yana kuka, bai taɓa yin shiru ba, kuma ban da kukan gyaren nan babu abin da kunnen ke kawo masa.

Cikin jikokinsa goma sha ɗaya, Aya ce tasa. Ɗiyar Biba ce, babbar 'yarsa da ke aure a Stains, can wajen Paris. Duk hutun lekol ana turo Aya Saint-Fons, kuma tun tana ƙarama, in injin wanki ya sauya murya ita ke fara juyowa. Yakan ce mata amarya, ita kuma ta ce masa tsohon miji, ta ce ta sake shi tunda ba ya sayo mata glas, madarar ƙanƙarar nan mai zaƙi. Da ta girma sai ta shiga aikin da ba wanda ya gane kansa a gidan. Ba ta waƙa, ba ta kiɗa. Tana tsayawa a gefen dandamali a bayan wani tebur mai maɓallai fiye da ɗari, tana daidaita wa makaɗan rok abin da kowannensu zai ji daga lasifikar da ke gabansa. Mai ganga na so ya ji jita, mawaƙi na so ya ji muryarsa, duk a hannunta yake. Biba ta yi kuka, mahaifin yarinyar ya yi fushi na wata biyu. Saley kaɗai ya ce a bar ta. Ya ce ai wannan aikinsa ne, inji ne dai ya sauya riga.

Tana shekara sha tara ta zo masa da kuka. Ta ce in ta sa bushon, 'yan robobin nan na toshe kunne, sai kiɗan ya zame mata kamar daga ƙarƙashin ruwa, ba ta gane abin da za ta gyara. In ta cire kuma ta kwana kanta na sarawa. Saley ya gyara zama. Ranar ya ji kansa ya kai rufi. Ya ce ta matso, ya kama kunnenta na hagu ya ce wannan na gida ne, a rufe shi. Ya kama na dama ya ce wannan na aiki ne, kuma kunnen zuri'arsu ƙarfe ne, ta dube shi ta gani.

Shekara bakwai ke nan.

Ranar wata Talata da hantsi Biba ta bugo waya. Fatsima ta ɗauka, ta daɗe tana saurare ba ta ce komai ba sai to, to. Da ta ajiye ta zagayo ta hagunsa ta zauna. Ta ce Aya ta yi aiki ranar Asabar a wani zaure a Paris, ta tashi Lahadi kunnenta ɗaya a rufe kamar an zuba masa kakin zuma, ga wani fito a ciki. Sun jira Litinin bai buɗe ba. Gobe suna da randebu, an ba su lokacin ganin likitan kunne a Bobigny.

Saley ya tambaya wane kunne. Fatsima ta dube shi kawai, ta tashi ta shiga haɗa masa jaka. Sai da ta kai shi bakin ƙofa washegari da asuba ta ce masa, a kunnen da ke ji, in ya je ya gaya wa yarinyar gaskiya. Ya ce wace gaskiya. Ta miƙa masa hularsa.

A jirgin ƙasa ya sami wani ɗan Senegal a kujerar gefensa, kafin su kai Paris ya ba shi labarin lamba bakwai tun daga farko.

Likitar mace ce, ba ta kai shekarun Biba ba, da tabarau da gajeren kitso. Ta ga sunan a takarda, ta dubi hular tsohon, sai kawai ta ce sannu da zuwa Baba, ina gajiya. Saley ya kusa faɗuwa daga kujera. Dokta Naomi sunanta, 'yar Kafanchan ce daga Nijeriya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyayenta da garinsu da ruwan bana, ya ce mata ya taɓa kwana a Kano a hanyar Legas tun ba a haife ta ba. Yana maganar yana jan kujerarsa a hankali har ya dawo da likitar ta hagunsa. Ta ga abin da ya yi.

Aka sa Aya a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, aka kifa mata abu a kunnuwa, aka ba ta maɓalli ta danna duk lokacin da ta ji ƙara. Saley na kallonta ta gilashin. Da farko yatsanta na sauri, tana murmushi, har ta ɗaga masa gira. Can sai yatsan ya tsaya. Yana ganin hannun likitar na murɗa abu, yana ƙara murɗawa, yarinyar na zaune ta karkata kai tana jira, idonta a ƙasa. Ya san wannan jiran. Ya juya ya shiga kallon wani hoton kunne da aka manna a bango.

Dokta Naomi ta shimfiɗa takarda a tebur. Layi biyu ne, shuɗi da ja. Shuɗin ya tafi kusan a miƙe, ya ɗan lotsa a ƙarshe. Jan ya tafi, ya tafi, sai ya gangara kamar bakin rijiya. Ba sai ka yi lekol ba kafin ka karanta wannan. Ta yi wa Aya bayani da Faransanci, sannan ta juyo ta maimaita da Hausa saboda Baba. Ta ce can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, su ke ɗaukar sauti. Ƙara mai yawa tana kwantar da su. Wasu su tashi bayan kwana biyu, wasu ba sa tashi, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, ba allura ba tiyata. Ta ce ƙarar da ake yi a irin wuraren nan, minti kaɗan ne kunne ke iya ɗauka ba kariya, Aya kuwa awa biyu take yi, sau uku sau huɗu a sati. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda kunne ɗaya ya lalace haka ya bar ɗan'uwansa. Ta tambayi Aya ko lasifikar kullum a damanta take.

Aya ta yi dariya, ta ce a'a, dabarar gidansu ce. Ta dafa gwiwar kakanta.

"Ga mai dabarar nan. Shekara talatin da ɗaya cikin injina da kunne ɗaya a buɗe, kuma har yau yana jin tafiyar tururuwa. Ko ba haka ba, tsohon miji?"

Saley ya ce haka ne. Bakinsa ne ya faɗa, tun bai shawarce shi ba.

Likitar ta cire tabarau ta goge. Ta rubuta ƙwayoyi na kwana bakwai, ta ce wataƙila su dawo da wani abu daga cikin abin da ya tafi, wataƙila kuma ba za su dawo da komai ba. Amma sharaɗi ɗaya ne, sati uku ba kiɗa, ba zaure, ko jirgin ƙarƙashin ƙasa in da hali ta guje shi. In ta koma cikin ƙara yanzu, kunnen da ke jinya zai ƙarasa, na hagun kuma shi ne kaɗai jarinta. Sannan ta dubi Saley ta ce tunda ya zo, ya shiga ɗakin nan minti goma a duba nasa, ko don a nuna wa yara yadda kunnen ƙarfe yake.

Ya ce ɗiyata, mai lafiya ba ya tare wa marar lafiya layi. Ya ba ta labarin injiniya da allurorinsa. Ta saurara har ƙarshe, da ladabi. Da suka miƙe za su fita ya riga su zuwa ƙofa, sai ya ji Aya ta taɓa masa hannu, ta ce likita na yi masa magana. Ya juyo. Dokta Naomi ta ce ba komai Baba, cewa ta yi Allah ya kiyaye hanya. Ta faɗa a hankali tana kallon idonsa, yadda zai ga leɓɓanta.

A Stains, hawa na tara, Biba ta yi tuwon semul da miyar kuɓewa don babanta. Ana cikin ci Aya ta ce ranar Asabar suna Lyon, birnin da Saint-Fons ke gefensa. Biki ne na kwana biyu a wani tsohon sito da aka mayar zauren kiɗa, mutum dubu uku, mafi girman wurin da ƙungiyarsu ta taɓa hawa. Ƙarfe biyar na yamma za su hau, awa ɗaya da kwata kawai. Bayan nan ta yi alkawari za ta kwanta sati uku har da ƙari.

Biba ta ajiye cokali. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta koma Faransanci, ta dawo Hausa. Ta ce ai akwai wasu masu taɓa maɓallan. Aya ta ce shi ne matsalar, akwai su da yawa, kuma duk wanda ya tsaya a teburin nan ranar Asabar shi za a tafi da shi sauran garuruwan. Ta ce shekara bakwai tana naɗe wayoyi da ɗaukar akwatuna kafin a yarda mace, baƙa, 'yar Stains, ta riƙe teburin. Ta ce likitoci haka suke, komai a wurinsu mutuwa ne. Papi ma, haka take kiran kakanta, da ya bi ta likitoci da bai yi wata shida a izin ba.

Biba ta juyo ta dubi mahaifinta. Kowa a teburin ya dube shi.

Ya so ya faɗi gaskiya. Amma ga surukinsa a zaune, mutumin da tun ranar ɗaurin aure yake sha labarin ɗakin kompresa. Ga ƙannen Aya biyu. Saley ya ce, to, shi dai abin da ya sani, jiki yana sabawa. Ya ce miyar ta yi daɗi. Biba ta kwashe kwanoni tun ba a gama ba.

Ya koma Saint-Fons ranar Alhamis. Fatsima ba ta tambaye shi ba, ta ga fuskarsa. Kwana biyu bai je benci ba. Gyaren kunnensa, wanda ya saba da shi har yakan manta da shi, ya dawo sabo. Yana alwala yana jin sa, yana salla yana jin sa. Ya riƙa lissafa wa yarinyar shekaru. Ashirin da shida gare ta. Shi yana da arba'in da biyar nasa ya fara, kuma ya san abin da ke biyo baya, don ya bi hanyar taki ɗaya ɗaya. Da farko tsuntsaye ke tafiya. Sai muryoyin yara. Sai ka koyi yin dariya lokacin da ka ga mutane na dariya. Sai ka zama mai yawan magana, don muddin kai ke ba da labari ba wanda zai tambaye ka abin da ba ka ji ba.

Ranar Asabar bayan azahar ya jawo kujera ya hau, Fatsima na riƙe da ƙafafunta tana cewa zai karye mata a banza. Ya sauko da kasken daga saman armuwar, ya kaɗe ƙurar ledar, ya sa a jakar kasuwa. Ya sa babbar rigarsa shuɗiya.

Sito ne na jan bulo a bayan layin dogo, bas biyu daga gidansa. Mai gadin ƙofar baya ya so ya hana shi. Saley ya ce masa da Faransancinsa na izin, shi kakan mai riƙe da sono ne, wato na'urar sauti, kuma ya shiga wuraren da suka fi wannan haɗari tun uban mai gadin na cikin zane. Aka kira Aya. Ta fito da baƙar riga, tocila a ɗamara, ta gan shi da babbar riga cikin akwatuna da wayoyi, ta fashe da dariya ta ce wa abokan aikinta ga mijinta ya biyo sawu.

Ya ce su fita waje. Suka zauna a kan wani akwatin ƙarfe a inuwar kamiyo, babbar motar kayansu. Ya zauna ta damanta saboda ya ba ta hagunsa, sai ya tuna, ya tashi ya rasa inda zai zauna. Duk yadda suka jera, ɗayansu zai ba ɗaya mataccen kunne. Daga ƙarshe ya jawo wani akwatin ya zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa.

Bai yi doguwar shimfiɗa ba, shi da ke iya kai labari ɗaya daga azahar zuwa la'asar.

"Amarya, ƙarya na yi miki. Wanga kunne matacce ne. Ya fi shekara talatin ban ji komi da shi ba sai kuka. Dabarar da na ba ki, ita ta kashe shi. Ni na kashe miki naki."

Ya jira ƙasa ta tsage. Aya ta dube shi, ta ɗan karkata kai, kamar yadda shi yake yi.

"Papi, na sani. Kowa ya sani. Tun muna yara Mama ke ce mana in za ku yi wa Baba magana ku bi ta hagu, kuma kar ku nuna masa kun sani."

Ya tambaya har surukinsa. Ta ce har shi. Ya tambaya mutanen benci fa. Ta ce Papi, shekara nawa suna bar maka ƙarshen benci.

Wani jirgi ya wuce a layin dogo, ya ji shi a tafin ƙafarsa. Wannan maganar ita ce abu mafi tsada da ya mallaka, ya ɗauko ta tun daga Saint-Fons yana ganin in ya ajiye ta a gabanta dole ta tsaya. Ashe kowa na da ita a gida.

Ya ce to in ta sani, don mi ta bi.

Ta ce don dabarar tana aiki. Ta ce abin da ba ta iya gaya wa likita ke nan. Da kunne a buɗe tana jin abin da babu wani mai tebur a Paris da ke ji, tana sanin lasifika za ta yi kuwwa tun kafin ta yi, shi ya sa ake kiranta. Ta ɗauka tana da shekara talatin a gabanta kamar shi, ba ta san bakwai ba ne. Sannan ta tambaye shi, ranar lamba bakwai, da kaske na kansa, da ya ji tsagewar ƙarfen nan?

Ya so ya ce da ya ji. Yau kam bakin ya ƙi.

Ya buɗe jakar kasuwa ya fito da kasken. Ya yage ledar da haƙori, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta juya shi. Soson da ke cikin kofunan ya zube a cinyarta, baƙin gari kamar toka, robar gefen ta manne mata a yatsa. Shekara kusan arba'in a saman armuwar, ya ruɓe ba tare da ya taɓa kunnen kowa ba. Aya ta yi dariya har da hawaye, ko kuma hawayen daban suke, bai iya rabewa ba. Ta kakkaɓe wandonta. Ta zaro bushon biyu masu ruwan ɗorawa daga aljihu ta nuna masa, ta ce yau biyu za ta sa, ta rantse masa. Ta ce ya koma gida, wurin nan ba na tsofaffi ba ne.

Ya ce ba a haifi ƙarar da za ta kore shi ba. Ya yi la'asar a bayan kamiyon a kan kwali, ya daɗe a sujada.

Aka ba shi kujera a gefen dandamali, taku huɗu daga teburinta, a bayan wani layin farin salatif da aka manna a ƙasa aka ce kar ya ƙetare. Wata yarinya mai jan gashi ta zo da kwano cike da bushon tana raba wa ma'aikata. Saley ya ɗauki biyu. Ya murza su kamar yadda ya ga ana yi, ya sa a hagu, ya ɗan tsaya, ya sa a dama ma, duk da ba abin da ya rage a can da za a tsare. Daga inda yake yana hango jama'a, kawuna har ƙarshen sito, yara sa'o'in jikokinsa, na gaba sun rungume shingen ƙarfe dab da lasifikoki masu tsayin mutum biyu. Da wuya ka ga mai wani abu a kunne. A kan teburin Aya akwai ɗan allo mai jan lamba. Lamba kam yana karantawa, a izin ya koya. Tana nuna saba'in da takwas, hayaniyar mutane kawai.

Aya ta waiwayo ta nuna masa kunnuwanta, ɗaya, biyu, duka a toshe. Ya ɗaga mata kai.

Mai ganga ya buga sandunansa sau huɗu, sai duniya ta faɗo. Saley bai ji ta a kunne ba, a ƙirji ya ji ta, a haƙora, a ƙafafun kujera. Rigarsa na rawa a jikinsa ba iska. Ya yi shekara talatin da ɗaya da injina goma sha biyu, bai taɓa tsayawa kusa da abu irin wannan ba, kuma a karo na farko bai ji sha'awar ya ba kowa labari ba. Lambar ta yi tsalle, casa'in da tara, ɗari da ɗaya, ɗari da uku, ta dawo ɗari. A izin, wurin da bai kai wannan ba ma akwai allon gargaɗi a ƙofarsa.

Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Hannuwan Aya na yawo a kan maɓallai, idonta na kan makaɗan, ba ta ko ƙiftawa. Ya ga yadda take aiki, ya ga kansa yana ratsa ɗakin kompresa da hannuwa a baya, kuma duk da abin da ke cikinsa sai da ya ji daɗi.

A waƙa ta uku mawaƙin ya juyo gefe. Ya nuna bakinsa, ya nuna lasifikar da ke gabansa, ya nuna sama. Aya ta tura wani maɓalli. Mawaƙin ya yi layi biyu ya sake juyowa, ya girgiza kai, fuska a murtuke. Ta sake taɓawa. Ta sunkuya kusa da 'yar lasifikar da ke gefen teburinta, ta karkata kai. Saley ya san abin da take nema, ya kuma san ba za ta same shi ta cikin roba ba.

Hannunta ya tashi ya tafi kunnen dama, inda ya saba zuwa shekara bakwai. Ta zare bushon ɗin. Ta saurara. Ya ga fuskarta, irin ta ɗakin gilashi, ta mai jira. Ta mayar da shi. Sai hannun ya zagaya ya tafi hagu.

Saley ya miƙe ya kira sunanta. Muryar da ake ji daga wannan bango na izin zuwa wancan, ya sake ta duka, har ya ji zafi a maƙogwaro, ko shi kansa bai ji ta ba. Ya ƙetare farin layin. Ya isa gare ta ya kifa tafin hannunsa a kan kunnen, kunnen gida, wanda shi da kansa ya ce a ajiye don jin maganar iyali.

Ba ta dube shi ba, idonta na kan mawaƙin. Ta kama wuyan hannunsa a hankali, ta matse shi sau ɗaya, ta saukar da shi, ta ajiye masa a gefen rigarsa. Ɗaya hannun nata ya riga ya sami maɓallin. Mawaƙin ya ɗaga mata babban yatsa, jama'a suka ɗaga hannuwa.

Saura awa ɗaya. Saley bai koma kujera ba. Ya gyara tsayuwa a hagunta, tsakaninta da lasifikokin, ya buɗe babbar rigarsa iya faɗinta. Ya fi kowa a sito ɗin nan sanin cewa jikin mutum ba ya tare ƙara. Ya tsaya dai a wurin, yana kallon jan lambar tana hawa tana sauka.